Masu "gyaran hanji" sun ishe mu: zare a kan ƙwayoyin ciki

1/
Jama'a, yau da masu "gyaran hanji" zan yi. Waɗanda suka cika mana TikTok da istatus ɗin WhatsApp da kwalabe, wai in ka sha za a "daidaita bakteriyar cikinka", suga ta tafi, hawan jini ya sauka, olsa ta warke, mai neman haihuwa ta samu, mai damuwa ya warware. Zaren da tsawo, ku gyara zama.

2/
Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar tana da tushe. Akwai ilimi na gaske a kan ƙwayoyin da ke zaune a hanjinmu, kuma akwai cutar da ake warkarwa ta hanyar maido da su. Mutanen nan sun yagi gefen ilimin ne suka naɗe hajarsu da shi. Ƙaryar da aka cakuɗa da gaskiya ta fi wuyar kamawa.

3/
Ni ɗalibi ne, ba likita ba, kuma ba na sayar da komai. Babu lambar waya a ƙarshen zaren nan, babu "shigo DM". Duk abin da zan kawo an buga shi, da shekararsa da wurinsa. Mai data ya je ya tono da kansa.

4/
Mu fara daga tushe. Baligi yana ɗauke da bakteriya kamar tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Ƙwayoyin halittar jikinsa shi kansa kamar tiriliyan 30 ne. Lissafin 2016 ke nan. Nauyinsu duka wajen giram 200. In ka ji mai talla na cewa "sun ninka jikinka sau goma", tsohon zance yake maimaitawa.

5/
Kuma ba zaman kashe wando suke ba. Fayiba, wato dusa da zaren da ke cikin hatsi, wake da ganye, cikinmu ba ya iya narkar da ita. Su suke cinye ta, su fitar da sinadarai irin su butiret, wanda shi ne babban abincin bangon babban hanji. Suna yin bitamin K da wasu daga cikin bitamin B. Suna horar da garkuwar jiki tun ana jariri.

6/
Akwai wani aikin nasu da ya fi shafar zancenmu: cike gurbi. Ka ɗauki hanji kamar unguwa mai cike da jama'a, kowane gida da mai shi. Baƙon ɓata-gari ba ya samun wurin kwana. Ranar da aka watse unguwar, gidaje suka zama kangaye, ka san su wa za su tare a ciki.

7/
Abin da antibayotik mai ƙarfi ke iya yi ke nan. Ya kashe mai laifi, ya haɗa da maƙwabta. Sai wata ƙwaya mai suna Clostridioides difficile, a taƙaice C. diff, ta samu fili. Ta hayayyafa, ta fitar da guba, hanji ya kumbura, mutum ya yi ta gudawa kamar famfo. Tana kisa, musamman tsofaffi da waɗanda suka daɗe a gadon asibiti.

8/
Maganinta kuma wani antibayotik ɗin ne, irin su vancomycin. Yana aiki, amma a wajen mutum ɗaya cikin biyar sai ta dawo, domin unguwar har yanzu kango ce. Wanda ta dawo wa sau ɗaya kuwa, ta fi saurin sake dawo masa. Akwai masu shafe watanni a cikin wannan zagayen.

9/
A nan likitoci suka yi abin da zai sa ku ajiye cokali. Su karɓi bayan gidan mai lafiya da aka tantance, a tace, a zuba a hanjin mara lafiya ta bututu ko a kafso. Dashen kashi. Kashi fa na ce, ba ƙashi ba. Manufar ita ce a dawo da mazauna unguwa gaba ɗaya lokaci guda.

10/
Ba sabon abu ba ne. A 1958 wani likitan tiyata a Denver ta Amurka, Ben Eiseman, shi da abokan aikinsa sun yi wa mutum huɗu masu mugun kumburin hanji wannan aikin, suka tashi. Amma ƙyama ta sa abin ya kwanta shekara da shekaru, ana yinsa jefi-jefi.

11/
Sai 2013 aka buga gwajin da ya rufe bakin kowa, daga Amsterdam ta ƙasar Holan, a mujallar New England Journal of Medicine. Masu C. diff mai dawowa aka raba uku. Rukunin da aka yi wa dashe mutum 16 ne: 13 suka warke a zubin farko, biyu suka biyo baya a zubi na biyu. 15 cikin 16.

12/
Waɗanda aka ba vancomycin kaɗai: 4 cikin 13. Tazarar ta yi yawa har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa, domin ci gaba da hana sauran maganin da ke aiki ya zama zalunci. To wannan shi ake kira hujja: an ƙirga mutane, an kwatanta, an buga, wasu sun maimaita a wasu ƙasashen.

13/
Rukuni na uku nake so masu "wankin ciki" su karanta a hankali. An ba su vancomycin, aka wanke musu hanji tas. Sakamako: 3 cikin 13. Su ma 'yan rukunin dashe an wanke musu hanji kafin a zuba. Ke nan wankin bai warkar da kowa ba, ƙwayoyi masu rai da aka zuba su suka yi aikin.

14/
Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da magani na farko na wannan layin, Rebyota, a Nuwamban 2022. Na biyu, Vowst, kafso ne da ake haɗiya, a Afrilun 2023. Dukansu an amince da su ne don abu guda tak: hana C. diff dawowa a jikin manya bayan sun gama antibayotik.

15/
Ku riƙe wannan. Bayan shekaru ana zuba biliyoyin daloli a bincike, cutar da "maido da ƙwayoyin hanji" ya zama tabbataccen maganinta ɗaya ce. Ɗaya. Shi kuwa wancan mai zoben haske da makirufo a ɗakinsa yana da jerin cututtuka talatin. Wa ya fi wa sani?

16/
Ana gwada shi a wasu cututtukan, haka ne. A 2021 an buga ƙananan gwaje-gwaje biyu a kan masu sankarar fata da magani ya daina yi wa aiki: 6 cikin 15 a Pittsburgh, 3 cikin 10 a Isra'ila suka amfana bayan dashe. Abin farin ciki, amma mutum 25 ne jimilla. Bincike ne da ke tafiya, ba a kai tasha ba.

17/
Kuma dashen yana da haɗari. A 2019 a Boston, mutum biyu masu raunin garkuwar jiki sun kamu da E. coli mai bijire wa magani daga kafson bayan gidan mai bayarwa guda. Ɗaya ya mutu. A babban asibiti fa, da ɗakin gwaji, da ƙwararru. Daga nan aka ƙara tsananta tantancewa.

18/
Don haka in ka ga bidiyon wani Bature yana haɗa nasa a gida da injin markaɗe, kada shaiɗan ya raya maka. Taifot, kwalara, ciwon hanta nau'in A, tsutsar ciki, duk ta bayan gida suke yawo, kuma mu a nan mun fi kowa sanin haka. Garin neman gira a rasa ido.

19/
Yanzu mu zo kan furobayotik, kafso ko garin "bakteriya masu amfani" da ake mana talla. Dashen da na faɗa ɗaruruwan nau'o'i ne da suka saba zama tare. Kafson kanti nau'i ɗaya ne zuwa 'yan kaɗan, kuma yawancinsu wucewa suke, ba sa kafa gida. Sunan ne ya yi kama, aikin daban.

20/
A 2018 an buga manyan gwaje-gwaje biyu a kan yara masu gudawa da amai da aka kai sashen gaggawa. Ɗaya a Amurka, yara sama da 900. Ɗaya a Kanada, kusan 900. Rabi aka ba furobayotik, rabi aka ba na bogi. Babu wani bambanci a tsawon gudawar ko tsananinta.

21/
A shekarar dai, masu bincike a cibiyar Weizmann suka ba mutane antibayotik, sannan suka raba su. Waɗanda aka ba furobayotik, ƙwayoyinsu na asali sun fi daɗewa ba su dawo ba, har watanni, fiye da waɗanda aka ƙyale kawai. Baƙin da aka kawo sun tare gidajen, masu gida suna waje. Gwajin ƙarami ne, amma ya isa ya sa mai talla ya rage murya.

22/
Masu cewa "ai ko bai yi amfani ba, ba zai cutar ba", ga naku. A 2008 a Holan an gwada furobayotik a kan masu tsananin kumburin fankiriyas. Cikin 152 da aka ba, 24 suka mutu. Cikin 144 da aka ba na bogi, 9. Abu mai rai ne kake zubawa a jikin mara lafiya, ba alewa ba.

23/
In yi adalci: furobayotik ba duka shirme ba ne. Akwai hujjar cewa wasu nau'o'in suna rage gudawar da antibayotik ke jawowa, wasu kuma ana ba bakwaini a asibiti don kare hanjinsu. Amma nau'i kaza, adadi kaza, don matsala kaza. A 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ce a mafi yawan cututtukan ciki hujjar ba ta kai a ba da shawarar shansu ba.

24/
Kalmar "daidaito" ita ce jarin 'yan kasuwar nan. To ku sani, har yau masana ba su yi ittifaƙi a kan yadda hanji mai "daidaito" yake ba. Mutum biyu lafiyayyu, ƙwayoyinsu na iya bambanta nesa ba kusa ba. Wanda ya kalli hotonka ya ce naka ya karkace, da wane sikeli ya auna? In ka gama shan kwalbar, da me zai gane ya miƙe?

25/
Za su ce "bincike ya nuna masu ciwon suga ƙwayoyin cikinsu daban ne". Gaskiya ne. Amma wanne ya jawo wanne? Mai ciwo abincinsa ya canza, yana shan magani, kuma metformin shi kansa yana canza ƙwayoyin hanji. Ganin laima a hannun mutane ba ya nufin laima ce ta kawo ruwan sama.

26/
Misali mai zafi: iyayen yara masu lalurar otizim, waɗanda ake tatsa ba tausayi. A 2021 wani bincike a Ostareliya a kan yara 247 ya nuna cewa bambancin ƙwayoyin cikinsu ya fi alaƙa da yadda yaran ke zaɓen abinci kala ƙalilan. Lalurar ce ta canza cin abinci, cin abinci ya canza hanji. An juya kibiyar ana sayar wa uwa fata.

27/
Haka zancen "kaso 90 na sinadarin farin ciki a hanji ake yinsa". Eh, mafi yawan serotonin a hanji yake. Abin da ba sa faɗa: wanda aka yi a hanji ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa, aikinsa a can ya fi shafar motsin hanji. Mai ciwon damuwa likita yake buƙata da mutanen da za su tsaya masa.

28/
Kuma yawancin labaran ban mamaki da kuke gani, a jikin ɓeraye aka yi su. Ɓerayen da aka raina a keji ba ƙwaya ko ɗaya a jikinsu, abinci iri ɗaya, rayuwa iri ɗaya. Suna koya mana abubuwa da yawa. Amma tsakanin ɓeran keji da Hajiya mai hawan jini a Fagge akwai tafiya.

29/
Sai uwa uba, "wankin ciki". Galibin abin da ke cikin kwalaben nan masu sa zawo ne, irin su filasko. Ka sha, ka kwana kana zarya bayi, da safe ka ji wasai, ka ce datti ya fita. Ɗan'uwa, ruwan jikinka ne ya fita, da gishirin jiki irin su fotasiyam wanda zuciya ke buƙata don bugawa daidai.

30/
Filasko yana da muhallinsa, har a asibiti ana ba mai taurin bayan gida na ɗan lokaci. Maida shi shayin kowane mako shi ne gyaran gangar Auzinawa. Ga tsoho, ga yaro, ga mai ciki, ga mai ciwon ƙoda, zawon da aka jawo da gangan yana iya kai mutum gadon asibiti.

31/
Kuma zancen "datti yana taruwa a hanji yana sa wa jini guba" ba hikimar kakanni ba ce kaɗai, Turawa ma sun yi wannan yayin. Farkon ƙarni na 20 wani babban likitan tiyata a Landan, Arbuthnot Lane, har yanke wa mutane babban hanji yake a kan wannan tunanin. Ilimi ya binne shi tuni. Yanzu an tono shi an sa masa sabuwar riga.

32/
"Ai da lambar NAFDAC." To duba da kyau. Magungunan ganye da yawa jerin wucin gadi ake sa su, lambar ta ƙare da harafin L, kuma abin da aka duba shi ne ko akwai illa a fili. Shi ya sa a jikin kwalbar da ƙananan haruffa za ka ga an rubuta hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Wasu kuma lambar ma ta bogi ce.

33/
Asarar kuɗi ita ce ƙaramar illa. Babbar ita ce lokaci. Mai suga ya ajiye maganinsa wata uku yana "gyaran hanji", ƙafa ta ruɓe, ido ya tafi. Mai ganin jini a bayan gida an ce masa basir ne da dattin ciki, alhali jini da rama da canjin bahaya na iya zama sankarar hanji, wadda in an kama da wuri ake iya yi wa aiki.

34/
Olsa ma haka. Mafi yawanta daga ƙwaya ce mai suna Helicobacter pylori, ko daga yawan shan magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen. Barry Marshall ya sha ƙwayar da kansa a 1984 don ya tabbatar, shi da Robin Warren suka ci kyautar Nobel a 2005. Maganinta gwaji, sannan haɗin antibayotik da mai rage asid. Yogot ba ya kashe ta.

35/
To, na gama da su, na dawo kanmu. Don wallahi abin dariya ne mutum ya damu da "daidaiton hanji" alhali shi ne ke jefa wa hanjin bam duk wata. Mu faɗa wa juna gaskiya, yadda muke shan antibayotik a ƙasar nan kamar gyaɗa muke ci.

36/
Ciki ya ɗan murɗa, Flagyl. Ƙuraje sun fito a fuska, Ampiclox. Mura, wadda bairos ke kawowa kuma antibayotik ba ya taɓa shi, Septrin. Yaro yana haƙori yana zawo, a fasa masa kafso ja da yalo a ruwa, alhali tetracycline yana ɓata haƙoran yara 'yan ƙasa da shekara 8. Guda biyu za a saya a kemis, a sha, a manta.

37/
Ga kuma "maleriya da taifot", tagwayen da ba sa rabuwa a takardar gwaji. Gwajin Widal tun 1896 yake, kuma a wurin da taifot ya zama ruwan dare yana nuna "akwai" ga wanda ya taɓa yi a baya, ko mai wani zazzaɓin daban. A kan wannan takardar ake ɗirka wa mutum Cipro sau uku, sau huɗu a shekara.

38/
Me hakan ke yi wa hanji? A Denmak an ba lafiyayyun maza 12 haɗin antibayotik uku masu ƙarfi na kwana 4 kacal, aka buga a 2018. Cikin wata ɗaya da rabi yawancin ƙwayoyin sun farfaɗo. Amma bayan wata 6, nau'o'i 9 da dukansu ke da su a da ba a gan su ba a jikin mafi yawansu. Zubi ɗaya ke nan.

39/
Waɗanda suka tsira daga bam ɗin kuma su ne masu taurin kai. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne bakteriya masu bijire wa magani suka kashe kai tsaye a 2019. Yankin da ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a: Afirka ta Yamma. Mu ke nan.

40/
Na san amsar: "Kai ɗan boko, kuɗin asibitin fa? Layin fa?" Gaskiya ne, mai ɗari biyar a aljihu kemis zai je, kuma laifin hukumomin da suka bar asibitin unguwa ba likita ba gwaji ya fi nasa. Amma wannan hujjar ba ta wanke mai sayar da kwalbar dubbai ba. Talaucin mutane shi ne kasuwarsa.

41/
Kada kuma wani ya fita daga zaren nan ya ce antibayotik guba ne. A gwajin MORDOR da aka buga a 2018, an raba wa ƙananan yara azithromycin sau biyu a shekara a Nijar, Malawi da Tanzaniya. A Nijar mutuwar yara ta ragu da kusan kaso 18 cikin 100. An kuma ga bijirewar ƙwayoyi ta ƙaru. Wuƙa ce mai kaifi biyu, a bar wa masu aunawa su auna.

42/
To me ke gina hanji? Amsar tana kusa da gida. A 2010 aka kwatanta yaran wani ƙauye mai suna Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero, dawa, wake da ganye, sun fi yawan nau'o'in ƙwayoyi, sun fi yawan sinadarai irin su butiret. Ku sake karanta jerin abincin. Tukunyar kakarku ce.

43/
A 2015 aka buga wani: baƙaƙen fatar Amurka 20 a Pittsburgh da mutanen karkara 20 a Afirka ta Kudu suka yi musayar abinci na mako biyu. Amurkawan da suka koma cin masara da wake, butiret ɗinsu ya ninka fiye da biyu, alamun kumburin hanji suka ragu. 'Yan karkaran da suka koma cin maiƙo da nama, abin ya juye musu.

44/
Mu kuma muna gudun tuwon dawa da miyar kuka, dambun zogale, ɗanwake, fate, kwaɗon rama, wai abincin ƙauye. Safe farin burodi, rana taliyar leda, dare farar shinkafa da lemon kwalba. Sannan mu tara kuɗi mu sayi garin fayiba daga waje. An surfe dusar an ba akuya, mun dawo muna sayenta a gwangwani.

45/
Abinci mai tsami fa? A 2021 jami'ar Stanford ta sa mutum 36 a gwaji na mako 10. Waɗanda suka yawaita cin irin su yogot, nau'o'in ƙwayoyinsu sun ƙaru, alamun kumburi a jini sun ragu. Kindirmo yana wannan layin, da sharaɗin an tafasa madarar kafin a kwantar, don ɗanyen nono yana ɗauke da tarin fuka na shanu da burusela. Koko kuwa an dafa shi, ƙwayoyin sun mutu.

46/
Ga yadda ilimin gaske ke tafiya. A Bangaladash, masana daga Dhaka da jami'ar Washington ta St. Louis sun haɗa abinci daga garin gyaɗa, waken soya, wani nau'in wake da ɗanyar ayaba don ciyar da ƙwayoyin da yara masu tamowa suka rasa. Gwajin 2021, yara 123: sun fi ƙara nauyi a kan abincin tamowa na yau da kullum. Shekaru suka yi suna aunawa kafin su buɗe baki.

47/
Furobayotik mafi inganci ga jariri kuwa kyauta ne. A nonon uwa akwai wasu nau'o'in sukari da jariri ba ya narkarwa, an tanade su ne don ciyar da Bifidobacterium a hanjinsa. Nono zalla wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba tsimi. Ikon Allah, babu kamfanin da ya kamo ƙafar wannan.

48/
In yaro na gudawa, abin da ke kashe shi ƙarewar ruwa ne. ORS, da zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. In ba sacet: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jini a kashi, ido ya faɗa, ya kasa sha: asibiti yanzu. Rigakafin rota kuma ya shiga jadawalin Najeriya tun 2022.

49/
Duk wanda ya tallata maka "gyaran hanji", tambaye shi huɗu. Wace ƙwaya ce a ciki, sunanta cikakke? A kan wace cuta aka gwada, mutum nawa, aka kwatanta da me? A ina aka buga? In ban warke ba, wa zan kama? In ya turo maka muryar wata Hajiya tana godiya a madadin amsa, ka riƙe kuɗinka.

50/
Ku kuma masu mabiya dubu ɗari da ke karɓar kuɗin talla kuna ɗaga kwalba kuna "na gwada da kaina", ku ji tsoron Allah. Akwai wadda za ta ajiye insulin ɗin mahaifinta saboda ta yarda da fuskarki. Kuɗin tallan zai ƙare kafin wata, haƙƙin ran kuma yana nan yana jira.

51/
Na san za a cika min amsa da "kai ba ka yarda da maganin gargajiya ba". Artemisinin da muke sha na maleriya daga tazargade aka ciro shi, bayan an gwada an ƙirga. Duk ganyen da ya ci wannan jarrabawar, ni ne farkon mai layi. Wanda ya ƙi zama jarrabawar, ya daina kiran sunan kimiyya a tallarsa.

52/
A taƙaice: kada ka sha antibayotik sai da dalili, in an rubuta maka ka sha yadda aka ce. Ka ci wake, ganye da hatsin da ba a kashe da surfe ba. Mai ciwo mai tsawo kada ya ajiye maganinsa don kwalbar intanet. Ku tura zaren nan guruf ɗin gidanku, musamman wurin gwaggon nan da ke turo tallar da asuba.